Kawuna da Gurgun Komiser

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, 'yan kabu-kabun Dungas ba su ɗauki fasinja ba sai bayan azahar. Sun jera baburansu a jikin katangar gidan, suka bi gawa a ƙasa har maƙabarta, suka dawo suka zauna a bakin tabarma kamar 'ya'yan gida. Da yawansu ban san su ba. Ɗaya daga ciki ya ce mini daga baya, shi a rumfar Kawu ya fara ganin teku.

Ni ina cikin gida tare da mata, a ɗakin Iya, matar Kawu. Tagar ɗakin tana kallon inda maza suke zaman makoki, don haka duk abin da aka faɗa a waje yana shigo mana. Aka yi addu'a, aka shafa, wuri ya yi tsit. Can sai na ji wasu tsofaffi biyu suna gardama ƙasa-ƙasa a kan wani tsohon fim. Ɗaya ya ce komiser ɗin cikinsa ƙafar dama yake ja, ɗayan ya ce ta hagu ce. Liman ya yi gyaran murya, suka yi shiru, ba a jima ba suka koma. Iya ta ɗago kai ta ce, "Ta hagu ce." Daga nan ne kuka ya zo mata.

Da la'asar wata dattijuwa cikin danginmu na Magaria ta zo gaisuwa. Ta yi addu'a mai kyau, sannan da za ta tashi ta ce Allah dai ya yafe masa, mutum ne mai kirki, sai dai rayuwarsa duk a kallo ta ƙare. Ba da mugun nufi ta faɗa ba, kuma na san ba ita kaɗai take ganin haka ba. Ban amsa mata ba, don ba wurin amsawa ba ne. Amma tun ranar maganar take cina, na kuwa ɗaura niyyar ba ita jikokinsa za su taso suna ji a kansa ba. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan.

Kawu wan mahaifiyata ne. Sunan uwarsu aka sa mini, saboda haka Uwata yake ce mini tun ina rarrafe har na zama mai 'ya'ya, malamar lakwal, wato makarantar boko. Yana saurayi ya bar gona ya tafi Damagaram, ya samu aikin shara a wani gidan sinima marar rufi. Daga shara ya koma ɗaukar faya-fayan fim, daga nan ya zama mai tsayuwa kusa da mai haskawa. Bai taɓa shiga aji ba. Faransancinsa a kunne ya tsince shi, daga bakin 'yan sanda da ɓarayin cikin fim, shi ya sa in ya gaisa da ma'aikacin gwamnati sai ka ga mutumin ya gyara tsayuwa, kamar an fara yi masa tambayoyin bincike. Da kakanmu ya rasu ya dawo Dungas ya riƙe gonar gero, ya auri Iya. Sai da ya yi shekaru yana noman gyaɗa kafin ya sayi tele da bidiyo da ɗan gurup mai ba da wuta, ya kafa rumfar zana a bayan kasuwa.

Abin da ya raba rumfarsa da sauran shi ne bakinsa. Yakan tsaya a gefen tele da ɗan kara a hannu, yana mayar da maganar fim Hausa a daidai lokacin da ake yin ta. Muryar mace daban, ta tsoho daban, ta maƙaryaci kuwa tun bai gama buɗe baki ba za ka gane shi. Inda bai ji Faransancin ba sai ya dubi fuskar mai maganar ya cike, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. In an kira salla kashe tele yake yi ko da ana tsakiyar bin ɓarawo, ya ce ɓarawon zai jira mu. Ran Alhamis da hantsi na mata ne. Iya ce a bakin ƙofa, ba namijin da ke leƙowa sai shi, shi ma tele yake fuskanta, ya ba mu baya har a gama.

Kaset ɗinsa sun cika akwati, amma guda ɗaya ne nasa na zuciya. Tsoho ne, baƙi da fari, na ƙasar Turawa. Ba wanda ya riƙe sunansa na ainihi, Gurgun Komiser muke ce masa, komiser kuwa shi ne babban ɗan sanda mai bincike. Labarin ba shi da yawa. An tsinci wani attajiri a mace a gidansa kusa da tashar jiragen ruwa. Direbansa ya gudu, gari duka ya ce shi ne. Komiser tsoho ne mai jan ƙafa, da wata doguwar riga mai nauyi, bai taɓa zare bindiga ba. Bin gidaje yake yi yana tambaya yana sauraro, har ya gane tsoro ne ya kori direban, mai kisan kuwa amininsa ne shi komiser ɗin, wanda suke cin abinci tare kullum. A ƙarshe ya je gidan aminin, aka zuba musu kofi, suka sha ba mai cewa komai. Sannan komiser ya ce wa aminin ya ɗauki rigarsa su tafi, waje da sanyi. A nan fim ya ƙare.

Duk lokacin da aka zo wurin da direba ya gudu, sai rumfa ta ɗauka, kowa yana cewa shi ne ya kashe shi. Kawu sai ya tsayar da kaset, ya ɗaga karan nan, ya ce, "Kun ji ta bakinsa?" Ko waɗanda suka ga fim ɗin ba adadi sukan yi surutun da gangan don su ji ya faɗa. Maganar har ta fita daga rumfa ta shiga gari. Na sha jin uwa tana faɗa wa uwa a wajen rabon faɗan yara.

Ina kwalej a Magaria wata rigima ta faru a kan rago, amma na zo gida hutu, kuma a kan idona aka yi, don ranar kasuwa ce, Iya ta aike ni cefane. Wani saurayin Bafulatani daga wajen Mallawa ya kawo farin rago kara, wato inda ake cinikin dabbobi. Ana cikin tayi wani mutum ya ratso ya riƙe igiyar, ya ce ragonsa ne da ya ɓata. Kafin saurayin ya haɗa Hausarsa an kewaye shi. Wani ya fizge sandarsa, wani ya kai masa mari, daga nan kowa ya sa hannu, har da waɗanda ba su san abin da ake yi ba. Na ga jini a bakinsa, na ga wani yana neman dutse.

Kawu ya fito daga rumfarsa da gudu, ba hula. Bai yi faɗa da kowa ba. Kutsawa ya yi ya tsaya a kan saurayin, ya buɗe muryar nan da take cika rumfa ba tare da lasifika ba, ya shiga yi wa mai da'awar tambaya: yaushe ragon ya ɓata, a ina, wane tsage ne a kunnensa, wa ya ga an kora shi. Mutumin ya amsa wasu, ya yi inda-inda a wasu. Tambayoyin ba su wanke saurayin ba, amma sun sa masu dukan sun tsaya sauraro, hannuwa suka yi sanyi, har jandarma suka iso suka tafi da shi Magaria. Bayan wani lokaci labari ya zo gidanmu cewa an ga ragon da ake nema a garken maƙwabcin mai shi, an saki saurayin. Kawu ya yi hamdala, ya ci gaba da harkarsa. Shekara da shekaru, in ana yabonsa a garin nan, da wannan ake farawa.

Shekaru suka tura. Idon Kawu ya fara dushewa. Lokotoro, wato likita, a Damagaram ya ce ciwon a jijiya yake, magani sai dai ya rage masa sauri. Rumfa ta koma hannun babban ɗansa, taubashina, wanda Kawu ba ya kiran sunansa saboda kunyar ɗan fari, sai dai ya ce yaron nan. Taubashina ya cire zana ya sa kwano, ya ɗora faifan hasken rana a sama, ya kawo babbar tele da ƙwallon Turai. Fina-finai kuma suka riƙa zuwa daga Kano a ɗan katin waya, an riga an sa musu Hausa a baki, ba a bukatar mai tsayuwa da kara. Kaset ɗin Gurgun Komiser ma wata damina ruwa ya shiga akwatin ya lalata shi. Ban taɓa jin Kawu ya yi ƙorafi ba. Yakan zo da la'asar ya zauna a kujerarsa ta bakin ƙofa, yana gane masu shiga da muryarsu.

Bara waccan, gab da faɗuwar damina, taubashina ya dawo daga Najeriya yana murna, ya ce an sake yin Gurgun Komiser, sabo, mai launi, da fassara. Shi a ganinsa kyauta ya kawo wa ubansa. Ranar da aka fara nunawa rumfa ta cika maƙil, har da tsofaffin da suka daɗe da daina zuwa. An sa wa Kawu kujera a gaba. Sabon komiser yaro ne mai ƙirji, ba ya jan ƙafa, dirowa yake yi daga saman bene. Ba a yi nisa ba ya kama wani da yake zargi, ya wanke shi da mari, ya dulmiya kansa a bokitin ruwa don ya yi magana. Matasa suka ɗauki tafi. Kawu ya tambayi na kusa da shi me ake yi wa tafi, aka gaya masa. Ya laluba sandarsa, ya miƙe, ya fita.

Gari ya rabu a kan fim ɗin nan. A fadar matasa, wajen shan shayi, cewa ake yi sabon ya fi, ana ganin fuskar kowa sarai, ba a ɓata lokaci, kuma wa zai zauna yau yana kallon tsofaffi biyu suna shan kofi. Tsofaffi suka ce wannan ba komiser ba ne, ɗan dambe aka sa wa kaki. Telan unguwarmu ya ce shi duk ba wannan ba, ƙarar takalmin gurgun a kan titi yake nema, bai ji ta ba. Wani jandarma da ya ajiye aiki ya ce duka biyun ƙarya ne, rabin aikin bincike jiran mota ne. Matan da muke koyarwa tare kuwa, waɗanda suka gani a wayoyin mazajensu, sun ce sabon ya fi taɓa zuciya, sai dai ba wanda ya tambaye su dalili.

A gida abin ya wuce gardama. Kawu ya ce muddin yana numfashi ba za a sake nuna fim ɗin nan a rumfar da ya kafa ba, don ba zai yi shekaru yana hana mutane ɗaga hannu a kan wanda ake zargi ba, sannan a zo a koya musu tafa wa mai dukan. Taubashina ya ce rumfar nan ce take ciyar da gidan, kuma mutane abin da suke so shi suke zuwa gani. Magana ta yi tsawo, har ya ce wa ubansa zamanin kara ya wuce. Bai sake nuna fim ɗin ba, amma ya daina zuwa cin tuwo a zauren Kawu. Sai gaisuwar safe daga bakin ƙofa, ita ma a gajarce. Kawu ya daina zuwa rumfa. Makonni suka shuɗe a haka.

Iya ce ta warware, ita da ba ta da yawan magana. Wata rana ina can, tana tankaɗe, Kawu yana ta zagin sabon fim ɗin kamar yadda ya saba. Ta tambaye shi yadda ya ƙare. Ya ce bai sani ba, kuma ba ya son sani. Ba ta ɗago daga rariya ba ta ce, "Malam, kai ka ji ta bakinsa?"

Washegari Kawu ya aika a kira ni.

Lokacin muna hutun damina. Na karɓo katin daga hannun taubashina, yana yi mini tsiya wai tsohon ya tuba, muka sa a ƙaramar telen ɗakin Iya bayan azahar. Magana Kawu yana jin ta, tunda da Hausa ce. Abin da ido yake gani ne aikina. Ban yi nisa ba ya fara gyara mini. Na ce matar ta ji tsoro, ya ce, "Uwata, kada ki gaya mini abin da take ji. Gaya mini abin da hannunta yake yi." Na ce tana murɗa gefen zanenta. Ya ce yauwa, ci gaba. Da aka zo wurin bokitin ruwa ya haɗe fuska, amma bai motsa ba. Ya riga ya sa a ransa sai ya kai ƙarshe.

A nan muka tarar da abin da babu shi a tsohon. Masu sabon fim ɗin sun yi wa direban mata. Kifi take soyawa a bakin tashar jiragen ruwa. Da mijinta ya gudu, masu sayen kifinta suka koma wajen ta kusa da ita. Mai gidan haya ya watso musu kaya waje. A lakwal, yaran da suke zama benci ɗaya da 'yarta suka matsa. Can ƙarshe, bayan an yi harbe-harbe an kama mai kisan, aka saki direban ta ƙofar baya, ba kowa a wurin. Hoton mai kisan ne ya cika jaridu, ba wanda ya rubuta cewa direban ba shi da laifi. Ya bi ta layinsu maƙwabta suna kau da kai. Abin da aka nuna na ƙarshe ita ce matar, zaune gaban farantinta, kifin ya huce.

Kawu ya sa na mayar da wurin, na sake faɗa masa. Ya daɗe yana shafa kan sandarsa. Sannan ya tambaye ni, a tsohon, bayan an wanke direban, ina ya tafi. Na ce ban tuna an sake nuna shi ba. Ya ce ba a sake ba, shi ma kuma bai taɓa tambaya ba. Ya juya wajen Iya ya ce, "Mai ragon nan, wa ya sake ganinsa a kasuwa?"

Ko sunansa ba mu sani ba.

Kawu ya ce sai ya nemo shi. Iya ta ce ya dubi jikinsa da idonsa, ga damina, hanya duk ruwa. Ni na ce wataƙila mutumin ya manta, wataƙila ma ba ya raye. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya sa aka kai shi wajen dillalan kara, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani tsoho a cikinsu ya tuna rugar uban saurayin, can gaba da Mallawa, kusa da iyaka. Kawu ya dawo ya ce gobe zai tafi, ko a amalanken shanu ne.

Da safe ya fito ƙofar gida da babbar riga da sanda, yana jiran a kira masa ɗan kabu-kabu. Sai ga taubashina ya turo nasa babur, ya tsaya a gabansa. Bai yi wani dogon bayani ba, ya ce, "Baba, hau." Kawu ya laluba kafaɗarsa ya hau. Ni na bi su a kan kabu-kabu. Gero ya kai ƙugu a gonaki, rairayi ya jiƙe, inda ruwa ya yanke hanya sai taubashina ya goya ubansa ya ƙetare da shi, ya dawo ya tura babur.

Mun same shi. Ya zama magidanci da furfura a gemu, da gonar dawa a bayan bukkokinsu, da 'yan shanu. Yana jin muryar Kawu daga nesa ya ajiye fartanya ya taho. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura da nono. Sai da aka daɗe ana gaisuwa kafin Kawu ya tambaye shi abin da ya kawo mu. Mutumin bai so faɗa ba, a hankali ya fito da shi. Tun ranar nan bai sake taka kasuwar Dungas ba. Ya gwada sau ɗaya bayan an sake shi, ya ji ana nuna shi ana cewa ga ɓarawon rago, ya juya. Dabbobinsa ƙetaren iyaka yake kaiwa, ko ya ba wani ya sayar masa. Sunan ya biyo shi har rijiyar ƙauyen da suke shayarwa, 'ya'yansa sun taso suna jin sa. Ya ce shi ba ya riƙe da kowa, Baba kuwa ai shi ya hana a kashe shi.

Kawu ya ce, "Na hana a kashe ka, na koma gida na ci tuwona. A gaban jama'a aka ɓata ka, a gaban jama'a za a gyara. Ka zo ran kasuwa."

Mutumin ya ƙi. Ya ce abin ya daɗe, tonowa ba ta da amfani, ba ya son a sake taruwa a kansa. Kawu bai matsa masa ba. Ya sha furarsa, ya yi godiya, ya ce zai dawo. Ya kuwa dawo, ya sake dawowa, taubashina yana kai shi, har mutanen rugar suka saba da ƙarar babur ɗin. Ba roƙo yake yi ba, zama yake yi su yi hirar shanu da ruwan sama, in zai tashi ya ce ran kasuwa yana nan yana jira. Daga baya na ji babbar 'yar mutumin ce ta sa baki, ta ce wa ubanta ita tana son ta je kasuwar Dungas sayen kayan aurenta ba tare da ta ɓoye 'yar wace ce ba.

Bayan an yi girbi ya zo. Kawu ya ce ba ya bukatar ɗan jagora ranar, ya dafa kafaɗar mutumin, suka shiga kasuwa tare, ni da taubashina muna biye. A tsakiyar kara ya tsaya. Jikinsa ya tsufa, amma muryar tana nan yadda take. Ya ce:

"Jama'a, waɗanda suke nan ranar da aka doki wani saurayi a kan rago, su matso. Waɗanda ba su nan, su saurara. Ga shi nan. Ragon nasa ne. An ga wancan a garken maƙwabcin mai shi, hukuma ta sake shi ba laifi. Na sani tun lokacin, ban zo nan na faɗa ba. Yau na zo."

Ba zan ce kasuwa ta girgiza ba. Wasu sun ɗaga kai suka koma cinikinsu. Wani matashi ya ce tsoho ya fara ruɗewa. Wanda ya yi da'awar ragon ya daɗe da rasuwa. Amma wani dattijon dillali ya taso daga kan buhunsa, ya zo gaban mutumin, ya ce yana cikin waɗanda suka sa hannu ranar, ya miƙa masa hannu. Mutumin ya daɗe yana kallon hannun. Ni har na ɗauka ba zai karɓa ba. Ya karɓa.

Kawu bai tsaya nan ba. Ya sa aka kai shi rumfar mahauta ya maimaita, ya je layin masu hatsi, ya tsaya a bakin masallaci bayan azahar. Kasuwar da ta biyo baya ma ya sake, ko da yake mutumin bai zo ba, ya ce akwai waɗanda ba su ci waccan ba. Iya ta ce ya isa haka, muryarsa ta dushe. Ya ce shekaru aka yi ana faɗin ƙaryar, ba zai gaji a kasuwa biyu ba.

Game da fina-finan kuwa, kada wani ya ce Kawu ya sauya ra'ayi. Ya janye haninsa, ya koma kujerarsa ta bakin ƙofa, taubashina ya koma cin tuwo a zaure. Amma duk wanda ya tambaye shi wanne ya fi, cewa yake yi tsohon, nesa ba kusa ba, sai dai ya yar da direban a bakin hanya, kuma wanda ya rubuta sabon ya tsince shi, Allah ya saka masa. Yaron komiser ɗin ne har ya koma ga Allah bai yafe masa bokitin ruwan nan ba. In an zo wurin sai ya buga sandarsa a ƙasa, matasa kuma, ko don kunyarsa, suka daina tafi.

Bana, bayan an ɗaure gero, zazzaɓi ya kwantar da shi. Bai daɗe yana jinya ba. Ina wurin ranar da ya kira taubashina da sunansa, karo na farko da na taɓa ji, ya ce ya gyara masa matashi. Washegari da hantsi ya cika.

Kasuwar da ta wuce na je sayen wake, na bi ta gefen kara. Na hango mutumin Mallawa riƙe da igiyar wani ɗan bijimi, dillalai biyu sun sa shi a tsakiya. Yana girgiza kai, yana ɗaga murya, yana cewa albarka, su ƙara. Ɗaya dillalin ya ja shi gefe yana yi masa raɗa, shi kuwa ya fizge hannu yana dariya. Mutane suna ta wucewa ta gabansa da awakinsu, ba wanda ya waiwaya ya dube shi. Na tsaya da kwanon wakena ina kallo har aka sallama.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu, ya mayar maka da ganin da ya karɓa da wanda ya fi shi. Ya saurare ka da rahama ranar da kowa zai faɗi ta bakinsa, ya ba Iya da mu haƙurin rashinka.